Mutuwar Mota a Nesa da Gari

Wata ranar Juma'a cikin bazara mu huɗu muka bar Kano da hantsi, za mu Gashuwa ɗaurin auren wani abokin aikinmu da za a yi washegari da safe. Mun wuce Haɗeja, mun tsaya a Malam Madori mun yi salla mun ƙaro ruwa, muna tsakanin can da Birniwa sai motar ta yi tsit. Ba hayaƙi, ba ƙauri, ba wata ƙara da za a ce ga ta. Sitiyari ya yi nauyi a hannun mai tuƙi, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa, muka gangara gefen titi har muka tsaya a inuwar wata aduwa. In an murɗa makulli inji ya juya, ya juya, ya ƙi tashi.

Dukkanmu huɗun da rubuta manhaja muke cin abinci. Akwai kwamfuta uku a cikin but, ita kanta motar tana ɗauke da nata kwamfutocin, amma babu ɗaya a cikinmu da ya san ta inda ake yi musu magana. Muka buɗe bonet don haka muka ga ana yi, muka tsaya muna kallon wani murfin baƙar roba da ya rufe komai. Can wani mai babur ya tausaya mana, ya je ƙauyen da ke gaba ya ɗauko wani dattijon bakanike. Ya zo da 'yan sufanunsa a naɗe cikin tsumma. Ya sa aka murɗa makulli yana sauraro, ya zare filogi ɗaya ya kara shi a jikin inji, ya ce a sake murɗawa, sannan ya goge hannunsa.

"Samari, wuta ba ta zuwa," in ji shi. "Kuma ba waya ce ta tsinke ba, ƙwaƙwalwarta ce ta hana. Da Fijo kuka hawo da yanzu kuna Nguru."

"To Baba, yaya za a yi?"

"Sai mai kwamfuta."

Muka kalli juna, aka rasa mai cewa uffan.

Kwanan da muka yi a wannan ƙauye shi ya sa daga baya muka koma bin tarihin abin. Mota dai tun ranar da aka ƙera ta take lalacewa, wannan bai sauya ba. Abin da ya yi ta sauyawa cikin shekara ɗari da ta yi tana bin hanyoyinmu shi ne tazarar da ke tsakaninta da wanda ya san ciwonta, da kuma wanda nauyin rufe wannan tazara ke kansa.

Kafin zuwan mota, fatake suna da nasu tsarin. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba, yana da zangunan da aka sani tun kaka da kakanni. Haka na Buzaye da ke ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma ɗauko gishiri da dabino. Idan jaki ya gurgunce, ko raƙumi ya durƙushe ya ƙi tashi, sai a sauke kayansa a rarraba wa sauran dabbobi, ayari ya ci gaba. Asarar dabba ɗaya cikin ɗaruruwa ba ta tsayar da tafiya. Mota ta zo da wani lissafi dabam. Ta tattara kayan gomman raƙuma da mutanensu ta ɗora a kan inji guda, injin da ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba zai iya tsayar da shi. A sana'armu, tun a aji ake gargaɗinmu da irin wannan gini, inda in abu ɗaya ya faɗi komai zai bi shi.

Turawan da suka fara shigar da mota cikin Sahara sun san da haɗarin, kuma magani mai tsada suka yi masa. Ranar 17 ga Disamba 1922 motoci 5 na kamfanin Citroën suka tashi daga Touggourt a Aljeriya, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya kamar ta tankar yaƙi, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923. A Faransa aka yi ta shelar cewa zamanin raƙumi ya ƙare. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutum 10 ne suka yi tafiyar, 5 daga cikinsu kanikawa ne, kowace mota da nata. Mai da kayan gyara kuwa an riga an kai an jibge a kan hanya tun kafin su taso. Wato kamfanin bai yarda motarsa ta yi nisa da gareji ba, garejin ya ɗora mata a ka. Haka aka maimaita a 1924, lokacin da motoci 8 suka taso daga Colomb-Béchar, suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi Tafkin Chadi, bayan an shafe watanni ana shirya musu wuraren shan mai a faɗin nahiyar.

Da abin ya tashi daga nuna bajinta ya koma kasuwanci, sai aka mayar da shirin doka. A hanyar Tanezrouft, wadda ke gangarowa Gao, an jera durom-durom a matsayin alama duk bayan kilomita 50, na biyar ɗinsu ya zama zango mai famfon mai da ake kira Bidon V. A gabas kuma, daga shekarun 1930, wani kamfanin sufuri mai suna SATT ya riƙa jigilar fasinja daga Aljiyas ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano. Wanda ke son ratsawa da motar kansa sai ya sa hannu a yarjejeniya ya ajiye kuɗi. Idan ya bar zango, a sanar da zango na gaba ta rediyo. Idan wa'adinsa ya wuce bai iso ba, a tura mota nemansa, a cire ladan daga aljihunsa. A watannin tsananin zafi ma rufe hanyar ake yi. Duk da haka sahara ta ci mutane. A 1955 wasu Turawa huɗu da suka taso daga Kenya a wata ƙaramar Morris Minor sun biyo ta Kano da Agadas za su Ingila, rairayi ya riƙe su, ruwa ya ƙare, biyu daga cikinsu ba su fita da rai ba.

Wannan tsari duk na masu mulki ne da baƙinsu. Motar da talaka ya sani ta wata ƙofa ta shigo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, aka ja reshen dogo zuwa Ƙauran Namoda a 1929, aka kai wani a 1930 zuwa wannan Ngurun da muka kasa isa. Daga ƙauyuka zuwa bakin dogo da farko jakuna da raƙuma da takarkarai ne ke kai gyaɗa da auduga da fatu, sannu a hankali manyan motoci masu bodin katako suka karɓe aikin. Masu sayar da motocin, irin su UAC da SCOA da CFAO da Leventis, suna manyan birane da garejinsu da kantin kayan gyaransu. Motar kuwa tana can cikin gargadar burji tsakanin Gumel da Maigatari, ko a bakin wani rafi da damina ta cika. Babu rediyo, babu yarjejeniya, babu wanda zai ƙirga awoyi ya ce ba ta iso ba.

Sai mutanenmu suka yi abin da Citroën ta yi, amma da abin da ke hannunsu. Suka ɗora garejin a kan motar, garejin kuwa shi ne direba da karen motarsa. Yaro zai shekara da shekaru yana bin mota ba albashi. Shi ne mai dirowa da weji idan an tsaya a kan tudu, shi ne mai ɗebo ruwan lagireto, mai kwance taya, mai kwana a ƙarƙashin bodi. Kafin a ba shi sitiyari ya riga ya ga cikin giya da cikin inji sau ba adadi, a gefen hanya, da rana da kuma da fitilar aci-bal-bal. Idan abin ya fi ƙarfinsu, direba ya cire ƙarfen da ya karye ya naɗe a buhu ya tari wata mota zuwa birni, yaro ya zauna gadi, kwana uku ko mako biyu, yana dafa abin da ya samu a kan duwatsu uku. Ba banza ba waƙar da ta fara fito da Ɗanmaraya Jos ta karen mota ce. Har gobe mai bin manyan hanyoyinmu zai ga ganye a jere a kan kwalta, alamar akwai mota a gaba da ta mutu, ya ƙarasa ya tarar da gingimari an sauke mata giya a kan tabarma, yara biyu suna wanke haƙoranta da baƙin hannu.

Ilimin da ya taru a wannan makaranta ba a rubuta shi ba, amma duk wanda ya yi tafiya a motar haya kafin shekarun 2000 ya ga wani abu daga cikinsa. Tankin mai ya huje, a murza sabulu a toshe. Famfon mai ya mutu, a ɗora jarka a kan rufin mota, a ja tiyo zuwa kafireto, mai ya gangaro da nauyinsa. Kwantak ya yi datti, a goge shi da gefen kwalin ashana. Fiyus ya ƙone, a naɗa masa takardar azurfa ta kwalin taba. Fanbel ya tsinke, a yanko tsohon tif ko a murɗa igiya, ta kai mutane gari na gaba. Lagireto na yoyo, a fasa ƙwai a ciki. Taya ta fashe babu safaya, a cusa mata ciyawa. Batir ya yi sanyi, fasinja su sauko su tura, direba ya saki kuloci a giya ta biyu. Wasu dabarun kam ganganci ne tsagwaronsa. Zuba ruwan omo a madadin man birki ya kai wasu gida, ya kuma kai wasu kabari, kuma bai kamata ɗokin zamanin da ya wuce ya sa mu manta da haka ba. Amma akwai abu guda da ya haɗa su duka: kowace matsala a motar wancan zamani ana iya ganinta da ido, ko a ji ta da kunne, ko a shinshino ta. Mai, iska, wuta. Wanda ya bi ukun nan ɗaya bayan ɗaya zai kai ga inda ciwon yake.

Bayan motar kuma wata sarƙa ta ginu wadda babu hukumar da ta zana ta. Mai faci a kowace mararraba. Mai walda da mai gyaran wayarin a kowace tasha. Panteka a Kaduna, inda ake narka tsohon ƙarfe a zuba sabo, da Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake cewa in ka rasa wani ƙarfe to ba a ƙera shi ba. 'Yan kasuwar Nnewi da suka baza shagunan kayan gyara har garuruwan da ko asibiti babu. Dillalin kamfani yana da reshe huɗu ko biyar a ƙasa. Wannan sarƙa tana da reshe a duk inda mota ta taɓa kwana.

Ba a taɓa samun lokacin da mota da wannan sarƙa suka dace da juna kamar zamanin Fijo ba. Peugeot ta fito da 504 a 1968, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, a shekarar da motar ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. Shekaru da dama jiragen sama na kaya ne ke kwaso sassanta daga Liyon su sauke a filin jirgin Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Gwamnati ta mayar da ita motar ofis, 'yan haya suka mayar da doguwarta motar tasha, 'yan kasuwar ƙauye suka ɗauki a-kori-kurarta. A Nijar kuma, cikin shekarun 1970 da 1980, samarin Turai kan tuƙo tsofaffin 404 da 504 su ratsa sahara su sayar a Arlit da Agadas da Yamai su koma gida ta jirgi. Sakamakon haka mota iri ɗaya ta cika ƙasa, kuma wannan shi ne sirrin. Bakanike ɗaya, sufanu iri ɗaya, ƙarfe iri ɗaya daga Legas har Bilma. Motar da ta yi haɗari a Potiskum za ta ba da kafireto ga wadda ta tsaya a Damaturu. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan an daina ta a Faransa. Dattijonmu na hanyar Birniwa ɗan wannan zamani ne, kuma da ya ce da Fijo ce da mun isa, ba cika baki yake ba.

Ko Fijon ma tana tsayawa, kuma a nan ne ake gane cewa mutuwar mota ba ɗaya ba ce ga kowa. A Janairun 1982, cikin tseren Paris zuwa Dakar, wata 504 ta karye ta baya a kudancin Aljeriya. A cikinta akwai Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, da matuƙiyar motar da bakanikensu. Kwana 6 ana nemansu da jiragen sama, jaridun duniya na bugawa kullum, har wani jirgin sojan Aljeriya ya hango su. Sun zauna kusa da motarsu, aka same su da rai.

A Oktoban 2013 wasu motoci biyu suka bar Arlit za su Tamanrasset, maƙare da mutane sama da 100, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu da talauci ya koro. Sun kauce wa babbar hanya don gudun jami'ai. Mota ɗaya ta lalace. Ɗayar ta sauke mutanenta ta juya neman kayan gyara, ba ta dawo musu ba. Suka jira, ruwa ya ƙare, suka watse ƙungiya-ƙungiya neman rijiya. Da masu ceto suka isa, gawa 92 suka ƙirga: yara 52, mata 33, maza 7, wasu ba su da nisa da iyakar Aljeriya. Gwamnatin Nijar ta yi makokin kwana uku. Babu wanda ya ajiye sunansu a zango balle a ce wa'adinsu ya wuce. Dokar sahara da direbobi ke faɗa, cewa kada ka bar mota domin mota ake hangowa daga nesa ba mutum ba, tana aiki ne idan akwai wanda zai fito nema.

Bayan wannan, a 2015, Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Masu tafiya ba su daina ba. Direbobin da a da ke bin ayarin ranar Litinin daga Agadas zuwa Dirku tare da rakiyar soja, inda in mota ɗaya ta tsaya akwai goma a bayanta, sai suka koma bin ɓarauniyar hanya su kaɗai, nesa da rijiyoyin da aka sani. A 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa a kan wannan hanya bayan motarsu ta lalace, akasarinsu 'yan Ghana da Najeriya. An soke dokar a Nuwamban 2023. Ko me mutum zai ce game da dalilan kafa ta, abin da ta yi a aikace shi ne ta wargaza ayari, ta mayar da kowace mota ita kaɗai, a filin da itace guda ɗaya tak ya yi suna har aka sa shi a taswira. Wannan itacen ma, na Tenere, mota ce ta buge shi a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai.

Direbobin sahara ba su karanta injiniyanci ba, amma zaɓinsu na mota darasi ne. Hilux, da Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ke ƙerawa tun 1984 ba tare da ta sauya mata kamanni sosai ba, da tsofaffin Marsandi masu dogon hanci. Suna ɗaukar sifirin da fanbel da famfon ruwa na safaya, da faranta na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya a rairayi, da wayar Thuraya mai magana ta tauraron ɗan'adam. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da suke gudu a mota shi ne duk wani ciwo da ba za a iya gano shi da hannu ba.

Mu kuwa da ke kudu da su, irin wannan motar muke ta saye. Bayan faɗuwar naira daga 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ta 'yan Kwatano, waɗanda aka riƙa saukewa a tashar jirgin ruwan Binin a biyo da su ta Maraɗi a shigo ta Jibiya, ko ta Ƙonni a shigo ta Illela. Maimakon mota iri ɗaya, sai ga iri ɗari, kowace an ƙera ta don wata ƙasa mai sanyi, mai tataccen mai, mai dillali a kowace unguwa. A cikinsu kafireto ya ɓace. Kwamfuta ce ke auna iska, ta auna zafi, ta ƙirga juyin inji, ta yanke shawarar yawan man da za a fesa da lokacin da wuta za ta tashi. Gaskiya ita ce waɗannan motoci sun fi na da ƙarko, sun fi shan mai kaɗan, kuma ba su cika tsayawa ba. Sai dai ranar da suka tsaya, kusan duk dabarun da muka lissafa a sama ba su da amfani. Famfon mai yana cikin tanki kuma da matsi yake turawa, jarka a kan rufi ba za ta maye gurbinsa ba. Mai giyar otomatik ba ta tashi da turi. Makulli yana da ɗan guntun lantarki a ciki, in kwamfuta ba ta gane shi ba ko an haɗa waya inji ba zai kama ba. Man 'yan bumburutu da tsohuwar Fijo ke sha ta yi tari ta wuce, sabon injin dizal zai iya kashe masa allurai. Hatta ruwan lagireto, wanda a da ya ceci matafiya daga ƙishirwa, yanzu haɗe yake da sinadari mai guba, shansa kisa ne.

Akwai ƙofa guda da aka bari a buɗe, kuma tarihinta abin mamaki ne. Hukumar kula da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya ce ta matsa wa masu ƙera motoci su sa wata hanya ta bai ɗaya da za a riƙa tambayar kwamfutar mota abin da ke damunta, don a kama masu fitar da hayaƙi fiye da ƙima. Daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiransa OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ba don bakaniken Gashuwa aka yi ba, ba kuma don kamfanoni sun so ba, amma shi ya ci moriya. Da ɗan abin sokawa mai arha da wayar hannu, mota za ta faɗi lambar ciwonta.

Mu da muke rubuta manhaja mun san yadda irin wannan ƙofa take, mun kuma san yadda ake rufe ta, domin wani lokaci mu ake biya mu rufe. Lambobin da doka ta tilasta a buɗe suke ga kowa. Sauran, na giya da birki da makulli da jakar iska, kowane kamfani da nasa harshen, kuma na'urar da ke jin sa ta dillali ce. Wasu sassan ko ka saya sababbi ba za su yi aiki ba sai an gabatar da su ga kwamfutar motar da manhajar kamfani. Tun wajen 2018 wasu kamfanoni suka fara sa wani mai gadi a bayan soket ɗin, wanda ba zai bar na'ura ta taɓa komai ba sai ta nemi izini ta intanet. Suna da hujja, domin an nuna cewa ana iya yi wa mota kutse daga nesa. Amma wanda ya tsara wannan a ofishinsa bai taɓa tsayawa a inda waya ke nuna babu sabis ba. A jihar Massachusetts ta Amurka sai da aka kai maganar akwatin zaɓe a 2012, aka sake a 2020, jama'a suka zaɓi a tilasta wa kamfanoni buɗe wa kanikawa masu zaman kansu bayanan gyara. A wajenmu ba mu ji ana wannan muhawara ba, alhali motar da ake ƙerawa yau ita ce za ta zama 'yar Kwatanonmu nan da shekara goma ko sha biyar. Kuma a wasu hanyoyinmu na yanzu, wanda motarsa ta tsaya bayan magariba ba ƙishirwa kaɗai yake tsoro ba.

A wannan Juma'ar, dattijon bai tafi ya bar mu ba. Ya tara samari aka tura motar har ƙofar gidan mai gari, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Ya karɓi wayar ɗayanmu, ya hau kan wani tudu inda sabis ke kamawa, ya kira wani yaro a Nguru da ya taɓa koyon aiki a wurin ƙaninsa. Bayan isha'i yaron ya iso a kan babur. Bai kai shekara ashirin da biyar ba, kuma ko sufana bai riƙo ba. Ya durƙusa ya soka wani ɗan abu shuɗi a ƙarƙashin sitiyari, ya duba wayarsa, ya juyo mana da ita: P0335. Na'urar da ke ƙirga juyin inji ce ta mutu. Kwamfuta ba ta san inji na juyawa ba, don haka ta hana wuta, daidai yadda dattijon ya faɗa da rana.

Babu irinta a Nguru. Da safe yaron ya ciro tsohuwar, ya ɗauki hotonta ya tura wa wani mai shago a Ƙofar Ruwa ta WhatsApp, muka tura kuɗi ta waya, mai shago ya kai tasha ya ba direban motar haya da ke zuwa Nguru, aka ba mu lambar direban. Muka wuni a gindin aduwa muna kiransa muna tambayar inda ya kawo. Ƙarfe sha ɗaya ta yi, aka ɗaura aure a Gashuwa ba mu. Bayan la'asar motar hayar ta rage gudu, kwandasta ya miƙo wata baƙar leda ta taga, suka wuce. Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da abin. Dattijon ne ya ɗaura da hannunsa, domin yaron ya ce shi wurin ya yi masa lungu. Murɗa ɗaya inji ya tashi.

Muna sallamar su, dattijon ya ɗauki tsohuwar na'urar yana jujjuya ta a tafin hannunsa, ya kai kunne ya girgiza, ya jefa a aljihu. Sannan ya dubi yaron.

"Kai, abin nan shuɗi da ka soka, nawa ake sayar da shi?"

Yaron ya faɗa masa.

"Ashe bai kai kuɗin taya ba. Akwai jikana a sakandare, yana karanta Turanci."

Da muka koma Kano muka sayi guda, muka kai tasha muka ba direban nan da ya kawo mana saƙo, muka kwatanta masa ƙauyen da aduwar.